Me Ya Sa Muturu Ke Zaune Lafiya a Kurmi, Bunaji Kuwa Sai da Allura?

Jama'a, duk wanda ya tashi a zango a nan Kudu, ko Agege, ko Shagamu, ko Sabon Badun, ko Lokpanta, ya san muturu. Su ne 'yan guntayen shanun nan marasa tozo, baƙaƙe ko baƙi da fari, da za ka gani suna yawo a bayan ƙauyukan Yarbawa da na Igbo ba makiyayi ba igiya. Muna yara dariya muke musu. Mahaifina dillalin shanu ne a kara, kuma ban taɓa jin ya taya muturu ba. In an yi maganarsu sai ya ce ai wannan akuya ce ta yi kuskuren ƙaho.

Ni ma da wannan raini na girma, har shekarar da ni da ƙanena muka haɗa jari muka sayi bijimai don turkar Babbar Sallah, muka ajiye su a wani fili kusa da rafi a jihar Ogun. Ciyawa har gwiwa, ga ruwa, ga inuwa, muka ce mun dace. Kafin wata biyu sai biyu daga ciki suka fara rama, gashi ya miƙe, ido yana hawaye, kaluluwa ta kumbura. Likitan dabbobin da muka kira ya ɗaga fatar idon ɗaya ya ga ta yi fari fat, ya ce, “Alhaji, sammore ne. Ku da kuka kawo su bakin rafi, ba ku san gidan tsando ba ne?” Ɗaya muka yanka a kan asara. Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne, a rafin nan dai muturun wani dattijo maƙwabcinmu suke shan ruwa kullum, kuma da na tambaye shi wace allura yake musu, dariya ya yi ya ce bai taɓa sayen allurar saniya ba.

Tun daga nan na shiga bibiyar abin da masana suka gano a kan garkuwar jikin shanu da yadda ake gadonta. Abin da na tara ne zan shimfiɗa a nan, don masu turka da dillalai da masu niyyar kafa garke a Kudu.

Asali biyu, ba ɗaya ba

Shanun duniya duka daga wani ƙaton san daji suka fito, wanda ya ƙare ƙurmus. Ta ƙarshe a cikinsu ta mutu a ƙasar Poland a 1627. Amma sau biyu ɗan Adam ya horar da shi, a wuri biyu. Na farko a yankin kogin Furat, wajen kudancin Turkiyya da arewacin Siriya, kimanin shekara 10,500 da suka wuce, daga nan marasa tozo suka fito. Na biyu a kwarin kogin Indus, Pakistan ta yau, kimanin shekara 8,000 baya, daga nan masu tozo suka fito. Kuma tun kafin a horar da su, kakannin dangin biyu sun rabu da fiye da shekara dubu 200. Wato kowanne ya daɗe yana fama da nasa cututtukan a nasa yanayin.

Marasa tozo ne suka riga shigowa Afirka, tun Sahara tana da ciyawa da tafkuna. Zanensu na nan a jikin duwatsun Ayar a Nijar da na Tassili a Aljeriya. Da Sahara ta bushe sai aka yi kudu da su, wasu suka faɗa ƙasar ƙudan tsando suka zauna dubban shekaru. Jikokinsu su ne muturu, da ndama ta tsaunukan Futa Jallon a Gini, da kuri mai kumburarren ƙaho ta tafkin Chadi. Masu tozo kuwa, irin su bunaji da bokoloji da rahaji da azawak, baƙi ne in aka kwatanta. Yawancin jininsu ya shigo ta gabashin Afirka ne daga wajen shekara ta 700 Miladiyya, zamanin fataucin Larabawa a bakin teku.

Ga wani abu da ya ba ni mamaki. Akwai ɗan guntun gado da ake karɓa ta wajen uwa kaɗai, kuma da aka duba shi a shanun Afirka na asali, har da masu tozon, sai aka ga na marasa tozo ne. Ma'ana bijimai aka fi shigowa da su, suka yi ta barbarar shanun da suka tarar. Don haka bunajin da muke taƙama da shi, in aka bi dangin uwa, ɗan uwan muturu ne. Wani bincike da aka buga a 2020, wanda ya duba shanu 172 daga iri 16 na Afirka, ya ƙiyasta cewa babbar cakuɗar ta faru ne tsakanin shekara 750 zuwa 1,050 da suka wuce, kuma wuraren da cakuɗar ta fi barin alama sun haɗa da ƙwayoyin gado na garkuwar jiki da na jure zafi.

Abin da ake nufi da ƙwayoyin gado

A cikin kusan kowace ƙwayar jikin saniya akwai sinadarin DNA, wanda shi ne rubutaccen umarnin yadda za a gina ta. An ɗaure shi dami-dami har 60, 30 daga uba 30 daga uwa. Mu mutane 46 gare mu. Kowane layin umarni shi nake kira ƙwayar gado. A 2009 masana fiye da 300 daga ƙasashe 25 suka fitar da cikakken karatun DNA na wata saniya irin Hereford mai suna Dominette a Amurka, suka ƙidaya ƙwayoyin gado wajen 22,000.

Da suka jera shi da na mutum da na ɓera da na kare, sai suka lura cewa inda saniya ta fi bambanta shi ne ɓangaren garkuwa, da narkar da abinci, da nono. Wasu ƙwayoyin gadon yaƙi da cuta da muke da su kaɗan, ita ta ninka su kwafi-kwafi, kowane kwafi ya ɗan sauya ya kama nasa aikin. Bayanin da aka fi bayarwa mai sauƙi ne: tumbin saniya kasuwa ce ta biliyoyin ƙwayoyin bakteriya da ke narka mata ciyawa, ga shi kuma tana rayuwa a garke, hanci da hanci, inda cuta ba ta wahalar tsallakawa. Har akwai wani sinadari mai fasa bakteriya, irin wanda ke cikin hawayenmu da yawunmu, da saniya ta mayar da shi ma'aikacin ciki, yana fasa bakteriyar da ta gangaro daga tumbi don ta ci amfaninsu.

Faifan da ake nuna ɓarawo a kai

A dami na 23 akwai wani rukunin ƙwayoyin gado da ake kira BoLA. In ka fahimci wannan, ka fahimci rabin zancen.

Fararen ƙwayoyin jini su ne 'yan sintirin jiki, amma ba sa iya leƙa cikin kowane ɗaki. To sai aka yi dabara: ƙwayoyin jiki suna gutsuro ɗan yanki na duk abin da ya shige su, su ɗora a kan wani ɗan faifai a bakin ƙofa. In ɗan sintiri ya zo wucewa ya ga yankin baƙo ne, sai a yi gangami. BoLA ne ke ƙera faifan. Matsalar ita ce kowane faifai da irin yankin da yake iya riƙewa. Wata cutar in ta shigo, faifan wannan saniya zai riƙe ta da kyau a gane ta da wuri, na waccan kuwa ya kasa, cuta ta yi ta cin karenta ba babbaka.

Ƙwayar gado ɗaya tak a cikin rukunin, mai suna DRB3, an rubuta mata nau'i fiye da 300 a shanun duniya, kuma duk lokacin da aka duba shanun Afirka da na Asiya da ba a taɓa dubawa ba sai an tsinci sababbi. Saniya ɗaya nau'i biyu kawai take ɗauka, na uba da na uwa. In biyun sun bambanta, faifai iri biyu gare ta. In ɗaya ne, ta yi asarar rabi. Garke kuwa yana iya ɗaukar nau'i goma ko ashirin, shi ya sa annoba kan shiga ta kwantar da wasu ta bar wasu a tsaye.

Me ya hana nau'i ɗaya mafi kyau ya cinye sauran? Saboda ita ma cutar ba a zaune take ba. Duk nau'in da ya yi yawa a gari, ƙwayar cutar da ta iya kauce masa ita ce za ta yaɗu, sai mai nau'in da ba a saba gani ba ya tsira ya hayayyafa, har shi ma nasa ya zama gama-gari a juyo kansa. Tankaɗe da rairaya ne da ba ya ƙarewa. Mu da muke gwajin jini kafin aure mun san ɗan uwan wannan: mai AS ya fi mai AA jure mummunan zazzaɓin cizon sauro, shi ya sa S ɗin bai ɓace ba a ƙasashen sauro duk da wahalar da SS ke jawowa. Ba a kiran gado mai kyau ko maras kyau sai an faɗi a wace ƙasa, da wace cuta.

Kada a ɗauka zancen ɗakin bincike ne kawai. A tsibirin Martinik, masu bincike daga Faransa sun gano cewa shanun Brahman masu ɗauke da wani nau'in BoLA su ne kirci ya fi kamawa, kircin nan dai da ke ɓata mana fata da damina inda kaska ta yi yawa. Aka riƙa gwada jini ana fitar da masu nau'in daga garke. Cikin shekara biyar kirci ya sauko daga kashi 76 cikin 100 zuwa kashi 2.

Sammore

Ƙwayar sammore ba bakteriya ba ce, wata 'yar halitta ce mai wutsiya da ke iyo a cikin jini, ƙudan tsando ke ɗaukarta daga dabba zuwa dabba. Iri uku ne suka fi damun shanu a ƙasar nan. Wayonta shi ne sauya riga. Tana da ƙwayoyin gado ɗaruruwa na ƙera rigar da take sawa, ɗaya take sawa a lokaci guda. Kafin jiki ya gama haɗa makamin da ya dace da wannan rigar, wasu sun tuɓe sun sa wata. Shi ya sa zazzaɓin ke tafiya yana dawowa, shi ya sa kuma har yau babu rigakafin sammore. Allurai biyun da muka dogara da su, Berenil da Samorin, sun haura shekara 60 a kasuwa, kuma a wurare da yawa ƙwayar ta fara jure su, musamman inda ake rage awo don a yi tattalin kuɗi. Wannan laifin namu ne, ni ma na yi.

To muturu da ndama fa? Kar a yi kuskure, suna kamuwa. Tsando na cizonsu, ƙwayar na shiga jininsu. Bambancin shi ne abu biyu: suna danne yawan ƙwayar kada ta yi ambaliya, kuma jininsu ba ya ƙarewa kamar na masu tozo. A cibiyar binciken dabbobi ta Nairobi, wadda yanzu ake kira ILRI, an yi wani gwaji mai ban sha'awa. An dasa ɗan tayin ndama da na boran, wata mai tozo ta gabashin Afirka, a cikin saniya ɗaya. Tagwayen shanu kan yi musayar ƙwayoyin da ke ƙera jini tun suna ciki. Da aka sa musu sammore sai aka ga kiyaye jini daga ƙarewa yana bin irin ƙwayoyin ƙera jinin da dabbar ke ɗauke da su, danne ƙwayar cutar kuwa bai bi su ba. Makamai biyu ne daban ke nan.

A can dai aka haɗa ndama da boran, aka sake haɗa 'ya'yansu, aka sa wa jikoki 177 sammore ana auna su. Sakamakon da ya fito a 2003 ya nuna wuraren da ke da hannu a juriyar suna warwatse a dami 18. Ba ƙwayar gado ɗaya ba ce da za a ciro a dasa wa bunaji a huta. Kuma abin mamaki, a wasu wuraren nau'in boran ɗin ne ya fi taimakawa. A 2011 aka ƙara matsowa aka nuna ƙwayoyin gado biyu, TICAM1 da ARHGAP15, a matsayin waɗanda ake kyautata zaton suna cikin masu aikin. Shi kansa muturu, wani ɗan Najeriya, Abdulfatai Tijjani, da abokan aikinsa sun karanta DNA ɗinsa suka buga a 2019. Sun ga alamar tankaɗe mai ƙarfi a rukunin BoLA, sun kuma ga bambancin gadon da ke tsakanin muturu ya yi ƙasa da na ndama, alamar dabbar da yawanta ya ragu.

Juriyar nan ma tana da iyaka. Yunwa, ko ciki, ko aikin wahala, ko tsando ya yi yawa fiye da kima, duk suna iya karya ta. Kuma masu tozo ba su zo hannu rabbana ba: sun fi jure rana da ƙishirwa da doguwar tafiya, sun fi nama da nono, kuma sun fi marasa tozo tsira daga bushiya. Bushiyar nan da ta shigo ta Massawa a Eritiriya a 1887 tare da shanun sojojin Italiya ta kashe takwas zuwa tara cikin kowace goma a wurare da dama, ta iso ƙasar Hausa cikin 'yan shekaru, ta sake yi mana ɓarna a 1983, sai a 2011 aka sanar da kawar da ita daga duniya. Duk saniyar da ke kara a yau jikar waɗanda suka tsallake wannan siraɗin ce.

Dogon hannu da dakashi

Akwai sinadaran kariya da jini ke ƙerawa, ana ce musu antibodi, masu damƙe ƙwayar cuta. Tubalan gadon da saniya ke haɗa su da su kaɗan ne in aka gwada da namu, amma kusan ɗaya cikin goma na nata yana da wani dogon hannu mai dunƙule a kai, tsawonsa ya ninka namu sau huɗu, yana shiga lungun da namu ba ya kaiwa. A 2017 a Amurka aka yi wa maruƙa huɗu allurar wani ɓangare na ƙwayar HIV. Saniya ba ta kamuwa da HIV, amma cikin wata biyu duk huɗun sun ƙera antibodi mai kashe kaifin nau'o'in ƙwayar da yawa, abin da jikin mutum kan yi shekaru bai yi ba, in ma ya yi.

Sai dai maraƙi ana haifarsa ne ba shi da ko ɗaya. Mahaifar saniya ba ta barin antibodi ya tsallaka zuwa ɗan tayi kamar ta mace. Duk abin da zai samu yana cikin dakashi, kuma hanjinsa a buɗe yake ya karɓa na yini ɗaya kawai, awa shida na farko sun fi komai. Wanda ya tatse dakashi ya bar maraƙi, ko wane irin jini ya gada, ya tura shi fagen fama ba garkuwa.

Darasin baƙi da fari

Yanzu kowa na son Holstein, manyan shanun Turawa baƙi da fari masu cika bokiti, waɗanda muke ce wa Firizan. Suna da nono, ba musu. Amma ku ji abin da zaɓen bijimi ɗaya ya jawo. A Amurka akwai Holstein miliyoyi, amma in aka bi layin uba, fiye da kashi 99 cikin 100 na bijiman da ake ɗibar maniyyinsu suna komawa ga bijimai biyu da aka haifa a shekarun 1960. Wani shahararren bijimi kuma, Osborndale Ivanhoe, haihuwar 1952, yana ɗauke da lahani a ƙwayar gado ɗaya ta garkuwa, ba wanda ya sani. Maraƙin da ya gaji lahanin ta uwa da uba, fararen ƙwayoyin jininsa ba sa iya fita daga jijiya su je inda cuta take, sai gyambon baki da ciwon huhu da zawo su kashe shi yana ƙarami. Ta hanyar ɗurar maniyyi 'ya'yansa da jikokinsa suka baza shi duniya. Lokacin da aka gano shi a farkon shekarun 1990, kusan kashi 14 cikin 100 na bijiman ɗura a Amurka suna ɗauke da shi. Gwajin DNA ne ya share shi.

Su suna da ɗakunan gwajin. Mu a zango abin da muke da shi shi ne sauya bijimi, kuma shi ne ba ma yi. Na ga garke a nan Kudu da bijimi ɗaya ya shekara bakwai yana hawan 'ya'yansa da jikokinsa saboda mai shi yana son launinsa.

Inda muturu yake yau

Yawansa ya faɗi ƙwarai tun shekarun 1960. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya cinye da yawa a Gabas, inda Igbo ke kiransa efi Igbo suna yanka shi a manyan bukukuwa da jana'izar dattawa. Bayan haka tirela ta cika kasuwannin Kudu da manyan shanun Arewa, sare daji ya rage tsando a wurare da yawa, makiyaya suka gangaro suka zauna. Bijimin bunaji ɗaya in ya shiga cikin muturu, cikin haihuwa uku ko huɗu sai dai a ba da labari. Keteku na ƙasar Oyo da Kwara irin wannan haɗin ne, muturu da bunaji, kuma ya daɗe yana amfani: ya fi muturu jiki, ya fi bunaji jure sammore. Amma keteku ba ya samuwa sai da tsantsar muturu a gefe, kuma duk ƙarin jinin mai tozo ragin juriya ne. Ndama ma gwamnati ta shigo da ita tun zamanin Turawa, aka yi kiwonta a gonar Fashola kusa da Oyo.

Ra'ayina, ga mai turkar wata biyu ko uku, bunaji da bokoloji ne dai, a nisanci bakin rafi da duhuwa, a yi allura da cikakken awo a hannun likita. Mai son garken da zai zauna ya hayayyafa a Kurmi kuwa, ya tambayi inda aka haifi saniya kafin ya tambayi nauyinta, ya nemi keteku ko ndama ko jininsu, ya sauya bijimi kafin 'ya'yansa mata su isa barbara. Firizan tsantsa a ƙasar kaska da tsando sai mai rumfa da kuɗin magani.

Bara na koma wurin dattijon nan na ce ya sayar min da karsana biyu. Ya ce, “Ɗana, ba ku ne kuke ce musu awaki ba?” Ɗaya ya yarda ya ba ni, a kan kuɗin da mahaifina da yana raye ba zai yarda an biya ba, da sharaɗin in za a yi mata barbara in dawo da ita wurin bijiminsa.